Yadda nake koyar da lambobin firam da murafen lemo

Yaron da bai taɓa zama da tsakuwa bakwai yana neman jera su sahu-sahu daidai suka ƙi ba, bai san lambar firam ba tukuna (wato lambar da lambobi biyu cif ke raba ta ba saura, 1 da ita kanta), ko da ya haddace ma'anarta. Zai rera maka ita tare da 'yan ajinsu da murya ɗaya, amma ka tambaye shi 9, zai ce firam ce. Ka tambaye shi 2, zai ce ba firam ba ce. Ka tambaye shi 1, zai ɗaga hannu da ƙarfin gwiwa ya ce ai ita ce ta farko. Waɗannan kurakurai uku nake gani kowace shekara a wurin yaran da aka fara wa darasin da rubutu a allo, kuma asalinsu ɗaya ne: an ba su suna kafin su ga mai sunan. Zan bayyana yadda nake bi da 'yan aji biyar a firamare ta gwamnati, inda yara suka fi benci yawa, littafin lissafi kuma sai wanda ke hannun malami.

Kafin ka taɓa wannan darasi, Malam ko Malama, ka tabbatar da abu biyu. Na farko, yaran sun riƙe sau daga biyu zuwa goma, riƙon da za ka tsinko 7 sau 8 daga tsakiya su ba ka amsa ba sai sun faro daga 7 sau 1 ba. Na biyu, sun san rabawa mai saura: 17 a raba wa mutum 5, kowa ya sami 3, saura 2. A kan sanin saura darasin gaba ɗaya ya tsaya. Idan rabin aji na tangal-tangal a nan, ka ɗage firam zuwa mako mai zuwa ka koma kan sau. Na san manhaja tana matsa mana, hedimasta kuma yana duba littafin tsara darasi, amma makon da ka bayar yanzu ya fi sauƙi a kan zangon da za ka ɓata kana gyara idan aka zo lissafin kaso.

Kayan aiki ba sai an saya ba. Mako guda kafin darasin nake ce wa kowane yaro ya tsinto murafen robar lemo ko na ruwa guda biyar. Na roba nake so, domin na ƙarfe suna tsatsa, suna kuma yankan yatsa. Mu zuba su a bokiti da omo, mu ɗauraye, mu shanya. Tsakuwa ma tana yi, haka ƙwallon dabino, musamman bayan azumi lokacin da yake ko'ina. Gyaɗa da aya kam kada ka soma, yara za su ci, lissafin ya ɓaci. Idan ka haɗa yara biyar-biyar, kowane rukuni ya tashi da murafe 25, kuma 24 kawai ake buƙata. A kowane rukuni ka naɗa mai rubutu ɗaya da takarda da fensir. Idan bencinanku masu gangare ne ko babu su, ku fita ƙarƙashin bishiya ku zauna a ƙasa, jerin ma ya fi fitowa a kan rairayi.

Ranar farko: jera sahu

Ba na rubuta komai a allo sai kwanan wata. Ina ce wa kowane rukuni su ƙirga murafe 12, sauran su ture gefe. Doka ɗaya ce: ku jera su sahu-sahu, kowane sahu yawansa daidai da na ɗan'uwansa, kada ko ɗaya ya rage a waje. Yara sun san daidaita sahu daga masallaci da taron safe, ba sa buƙatar dogon bayani. Kafin minti biyu za ka ga sahu 3 na huɗu-huɗu a nan, sahu 2 na shida-shida a can. Sai in ce, akwai wata hanyar? Duk wadda aka samu, mai rubutu ya rubuta: 3 × 4, 2 × 6.

Abu biyu za su taso, kuma duka biyun ka ba su lokacinsu. Wani rukuni zai kira ka da murna, "Malam, mun samo sabuwa, 4 × 3." Kada ka ce musu ba sabuwa ba ce. Ka sa ɗayansu ya tashi ya zagaya ya tsaya ta gefen jerin ya sake kallo. Da idonsa zai ga jeri ɗaya ne, wurin tsayuwarsa ne ya sauya. Abu na biyu shi ne sahu guda. Yawanci yara ba sa kawo shi da kansu, suna ganin layi ɗaya ba jeri ba ne. Ka tambaye su: idan mutum goma sha biyu suka tsaya a sahu ɗaya bayan liman, an karya dokarmu? Akwai wanda ya rage a waje? Za su ce babu. To a rubuta 1 × 12. Kada ka wuce wannan da gudu, domin gobe a kansa ma'anar firam za ta zauna.

Daga nan sai in ce a kwashe, a ƙirgo 7. Nan ne malami zai kama bakinsa. Za su gwada biyu-biyu, ɗaya ya rage. Uku-uku, ɗaya ya rage. Huɗu-huɗu, uku su rage. Wani zai tura murfi ɗaya ƙarƙashin ƙafarsa ya kira ka ka ga 2 × 3. Ka durƙusa ku ƙirga tare, ba faɗa. Wani zai ɗauko ɗaya daga gefe ya cike takwas. Ka bar su minti biyar cur suna fama, ko da kana jin bakinka na ƙaiƙayi. Daga ƙarshe wani zai ce, "Malam, wannan ba ta yi, sai sahu ɗaya." Wannan maganar da ta fito daga bakin yaro ita ce darasin ranar. Ina rubuta ta a allo yadda ya faɗe ta, in ce wa monita kada a goge.

Sauran lokacin, ka raba wa rukunoni lambobi daga 2 zuwa 24, kowane rukuni biyu ko uku, ka haɗa musu mai sauƙi da mai gardama: 16 da 17, 13 da 24, 9 da 19. Ka tabbata 24 ta faɗa hannun rukuni mai haƙuri, domin hanyoyinta huɗu ne, 1 × 24, 2 × 12, 3 × 8, 4 × 6, kuma 3 × 8 ce suka fi mantawa. Ka karɓi takardun kafin a tashi.

Rana ta biyu: yanzu a raɗa suna

Ina jera lambobi 2 zuwa 24 a gefen allo daga sama zuwa ƙasa, kowane mai rubutu ya fito ya sa hanyoyin da rukuninsa ya samu a gaban lambarsa. Idan allon ya cika, tambaya ɗaya nake yi: waɗanne ne suka ƙi komai sai sahu ɗaya? Su da kansu za su tsamo 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23. A zagaye su da alli mai launi idan akwai. Sai yanzu nake cewa waɗannan su ake kira lambobin firam, sauran da suka yarda da jeri fiye da ɗaya kuma haɗaɗɗun lambobi.

A nan fakto ke shigowa cikin sauƙi, domin yana rubuce a allo tun ɗazu. Duk lambar da ta fito a cikin hanyoyin jera wata lamba, fakton ta ce, wato tana raba ta ba saura. Faktocin 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6, 12. Faktocin 7 su ne 1 da 7. Sai mu ƙirga: 12 tana da shida, 7 tana da biyu. Ma'anar da nake sa su rubuta a littafi ita ce wannan: lambar firam tana da fakto biyu cif, 1 da ita kanta. Haɗaɗɗiyar lamba tana da fiye da biyu. A ranar nake rubuta musu sunayen na Turanci a gefe su kwafa, domin da Turanci za su gamu da su a jarrabawar shiga sakandare, amma bayanin da Hausa nake yi har sai ya shiga.

Ina roƙon 'yan'uwana malamai su daina amfani da ma'anar nan da ta yaɗu, wai firam ita ce lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Da wannan ma'anar, yaron da ya ce 1 firam ce bai yi kuskure ba: 1 na raba ta, ita kanta na raba ta, babu wata kuma. Idan ka soke masa amsa da jan biro bayan ma'anar da ka ba shi ce ta kai shi can, ka koya masa cewa lissafi ra'ayin malami ne, kuma wannan ɓarna ce babba. Ka ba kowane rukuni murfi ɗaya tak, ka ce su jera. Hanya ɗaya ce, 1 × 1. Faktocinta nawa? Ɗaya. Firam na buƙatar biyu cif, haɗaɗɗiya na buƙatar fiye da biyu, ita kuma ɗaya gare ta. Saboda haka ba ta cikin kowane ɓangare. Ina zana mata ɗan akwati nata ita kaɗai a saman allo. Idan wani yaro ya nace, kada ka kunyata shi, ka gaya masa gaskiya cewa a ƙarnonin baya akwai manyan masana lissafi da suka ƙirga 1 cikin firam, daga baya aka cire ta saboda wani dalili da zai gani da idonsa nan da kwana biyu.

Sai rikicin cika da mara. Yaro ya kalli jerin firam ya ga 3, 5, 7, 11, 13, sai ya yanke cewa firam ita ce lambar mara. Daga nan 9 da 15 da 21 suke shigowa, 2 kuma ta fita. Maganinsa ba bayani ba ne. Ka ba shi murafe 9. Biyu-biyu za ta ƙi, ya ce ka gani, Malam. Ka ce ya gwada uku-uku. Idan 3 × 3 ta tsaya a gabansa, shi ke nan. Haka 15 da 3 × 5. Ita kuma 2, ka tambaye shi hanyoyinta: 1 × 2 kawai, fakto biyu, firam ce cikakkiya. Sannan ka tambayi aji gaba ɗaya me ya sa babu wata lambar cika da za ta zama firam bayan 2. Ka jira. Wata yarinya ko wani yaro zai ce ai duk lambar cika tana jeruwa sahu biyu. Wannan hujja ce ta lissafi ta gaske, kuma ɗan shekara goma ne ya kawo ta. Ka gaya masa hakan a gaban 'yan ajinsu.

Rana ta uku: tankaɗe

Murafe ba za su kai mu 100 ba, sai a koma takarda. Tun jiya nake ba su jingar rubuta 1 zuwa 100 a littafi, goma-goma a kowane layi, domin idan a aji za a rubuta, lokacin darasin ya tafi. Ni ma ina zana tawa babba a bayan tsohuwar kalanda in manna a bango.

Hanyar da za mu bi ta haura shekara dubu biyu. Ana danganta ta da Eratosthenes, wanda aka haifa wajen shekara ta 276 kafin haihuwar Annabi Isa a garin Kirene, a ƙasar Libiya ta yau, ya kuma shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariya a Masar. Ina gaya wa yara wannan domin su san a nahiyarmu ya rayu ya yi aikinsa. Hanyar tasa kamar tankaɗen gari ce da rariya: haɗaɗɗun lambobi su zube, firam su tsaya a sama.

A sa wa 1 akwatinta. A zagaye 2, sannan a soke duk ninkinta: 4, 6, 8, har 100. Yara za su lura layuka biyar na tsaye sun tafi gaba ɗaya, ban da 2. Lamba ta gaba da ba a soke ba ita ce 3. A zagaye ta, a soke ninkinta. Za su tarar 6 da 12 da 18 an riga an soke su, sabon suka yana farawa daga 9. Ka tambaye su me ya sa aka riga su zuwa 6. Lamba ta gaba 4 ce, amma a soke take, a tsallake ta. A zagaye 5: sababbin da za ta kwashe shida ne, 25, 35, 55, 65, 85, 95. A zagaye 7: sababbinta uku ne kacal, 49, 77, 91. Ka riƙe waɗannan alƙaluma a kanka kana zagaya aji, da su za ka gane wanda ya yi tsallake. 2 ta soke 49, 3 ta soke 16, 5 ta soke 6, 7 ta soke 3, jimla 74. A ƙara 1 da ke akwatinta, saura 25. Duk yaron da bai tashi da 25 ba, ya koma ya bincika, kuma sau da yawa 91 ce ko 87 ta tsere masa. Ga su: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47, 53, 59, 61, 67, 71, 73, 79, 83, 89, 97.

Bayan 7, kada ka ce musu a tsaya. Ka bar su su zagaye 11 su nemi ninkinta: 22, 33, 44, 55, 66, 77, 88, 99, duk a soke. Su gwada 13, haka. Sai mamaki ya kama su, daga nan tambayar ta fito da kanta. Amsar tana cikin jerin murafe na ranar farko. Kowane jeri yana da gajeren gefe da dogon gefe. Idan duka gefunan sun wuce 10, mafi ƙanƙanta shi ne 11 × 11, wato 121, an zarce 100. Don haka duk haɗaɗɗiyar lambar da ba ta wuce 100 ba, gajeren gefenta bai wuce 10 ba, kuma firam da ke ƙasa da 10 huɗu ne, mun gama da su. Wannan lura, cewa ba sai an bi dukkan lambobi ba, ana ambaton Ibn al-Banna da ita, malamin lissafi na birnin Marrakesh a Maroko wanda aka haifa a 1256. Ba dukan yara ne za su kama wannan hujjar a rana ɗaya ba, kuma ban damu ba. Abin da nake so kowa ya tafi da shi gida shi ne: lambar da ta wuce 10 amma ba ta wuce 100 ba, a gwada ta da 2, 3, 5, 7, idan duk sun ƙi, firam ce.

Idan akwai sauran lokaci ko yara masu saurin gamawa, ka sa su sake rubuta lambobin shida-shida a layi maimakon goma-goma. Za su ga duk firam da ta wuce 3 ta faɗo a layin tsaye na farko ko na biyar. Abin yana burge su ƙwarai. Sai dai ka nuna musu 25 da 35 da 49 suna zaune a waɗannan layukan, kada su ɗauka duk abin da ke wurin firam ne.

Akwai lambobi huɗu da nake ware wa kulawa ta musamman domin kamanninsu na yaudara: 51, 57, 87, 91. Ba sa cikin sau ɗin da yara suka haddace, mara ne, ba su ƙare da 5 ba, sai ido ya ce firam ne. Uku na farko dabarar 3 ce ke kama su: a haɗa alƙaluman lambar, idan 3 na raba jimlar, to tana raba lambar. 5 da 1 shida, 51 ita ce 3 × 17. 5 da 7 sha biyu, 57 ita ce 3 × 19. 8 da 7 sha biyar, 87 ita ce 3 × 29. Ita 91 babu gajeriyar hanya da ta dace da 'yan firamare, sai an raba da 7 a ga 13. Ina sa su rubuta 7 × 13 = 91 a bangon littafinsu. Har manya tana kayarwa.

Rana ta huɗu: a farfasa lamba

Yanzu sai dalilin da ya sa muka sha wannan wahala. Ka rubuta 36 a allo, ka kira yara uku. Na farko ya fara da 4 × 9, na biyu da 6 × 6, na uku da 2 × 18. Dokar ita ce duk lambar da ba firam ba a sake raba ta biyu, duk firam a zagaye ta a bar ta. Rassa za su yi ta sauka ƙasa, wannan ne ake kira bishiyar fakto. Bishiyoyin uku ba su yi kama ba, amma idan aka tattara abin da aka zagaye, kowa ya tashi da 2 × 2 × 3 × 3. A gwada da 60, a gwada da 72. Ko ta ina aka faro, wuri ɗaya ake sauka. Kowace haɗaɗɗiyar lamba tana da firam nata da suka haɗu suka yi ta, kuma babu wata lambar da ke da irin wannan haɗin.

Ga alkawarin da aka yi wa mai gardamar 1. Ka ce masa mu ɗauka 1 firam ce. To 36 ita ce 2 × 2 × 3 × 3, ita ce kuma 1 × 2 × 2 × 3 × 3, ita ce kuma 1 × 1 × 2 × 2 × 3 × 3, har allo ya ƙare. Amsa ɗaya ta koma amsoshi marasa iyaka, bishiyar kuma ba za ta daina tsiro ba. Dalilin cire ta ke nan.

Amfanin farko da za su gani nan kusa shi ne rage kaso. 36 bisa 48: na sama 2 × 2 × 3 × 3, na ƙasa 2 × 2 × 2 × 2 × 3. A soke waɗanda suka yi tarayya, saura 3 bisa 4. Misalin da ya fi shiga kunnen yaranmu, musamman masu zuwa Islamiyya da yamma, shi ne na rabon gado. Idan mamaci ya bar 'ya'ya, matarsa tana da ɗaya bisa takwas, mahaifiyarsa tana da ɗaya bisa shida. Gida nawa za a kasa dukiyar yadda kowacce za ta ɗauki nata ba tare da an gutsura ba? 8 ita ce 2 × 2 × 2, 6 ita ce 2 × 3. Ana buƙatar 2 sau uku da 3 sau ɗaya, wato 24. Matar ta ɗauki 3, mahaifiyar ta ɗauki 4. Wannan 24 ita ce malaman gado suke aiki da ita tun da daɗewa, kuma yaron da ya gano ta da fensirinsa zai fara kallon darasin da wani ido. Ba hukuncin gado nake koyarwa ba, wannan na malamansa ne, lissafin kawai nake nunawa.

Tambayar da ba ta taɓa fashi ita ce, "Malam, firam suna ƙarewa?" Suna da dalilin tambaya, domin daga 1 zuwa 10 akwai huɗu, daga 90 zuwa 100 kuma 97 ce kaɗai. Ba sa ƙarewa, kuma masanin lissafi Yuklid ya tabbatar da haka a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Ga yadda nake ɗanɗana musu: a ninka 2 × 3 × 5, a sami 30, a ƙara 1. A raba 31 da 2, saura 1. Da 3, saura 1. Da 5, saura 1. Duk firam ɗin da ka tara ka ninka ka ƙara 1, babu ɗayansu da zai raba sakamakon, don haka dole akwai wata firam a wajen tarinka. Hattara a nan, Malam: kada ka ce musu sakamakon kullum firam ne. 31 firam ce, 211 ma haka, amma 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 da ƙarin 1 ya ba da 30031, wadda ita ce 59 × 509. Hujjar tana nan daram, tunda 59 da 509 ba sa cikin tarin farko.

Ina kuma ba su labarin firam ɗin da wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano da taimakon kwamfutoci a watan Oktoba na 2024, mai alƙaluma 41,024,320. Sai mu lissafa tare: idan mutum yana rubuta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai haura kwana 470 bai gama ba. Wani zai tambaya amfanin manyan firam. Ka ce su ninka 13 da 17, za su ba ka 221 nan take. Washegari ka ba wani rukuni 143 ka ce su nemo firam biyun da suka haife ta, ka ga yadda za su daɗe kafin su kai 11 × 13. Ninkawa sauƙi, warwarewa wuya. A kan wannan bambanci aka gina wata hanyar ɓoye bayanai da aka fito da ita a 1977, wadda har yau tana cikin hanyoyin da ake tsare saƙonni da hada-hadar kuɗi a intanet.

Ga masu gama aiki da wuri su fara damun na kusa da su, ina da jinga ɗaya da ba ta ƙarewa. A 1742 masanin lissafi Christian Goldbach ya rubuta wa takwaransa Leonhard Euler wasiƙa, daga ita aka samo hasashen cewa duk lambar cika da ta wuce 2 ana iya samun ta ta hanyar haɗa firam biyu. 10 ita ce 3 da 7, ita ce kuma 5 da 5. 28 ita ce 5 da 23, ko 11 da 17. Har yau babu wanda ya kawo hujjar da ta tabbatar da shi ga dukkan lambobi, babu kuma wanda ya samo lambar da ta saɓa. Ka ce su bi lambobin cika daga 4 zuwa 50. Wanda ya gama, ka ba shi 100 ka gaya masa hanyoyinta shida ne: za su samo 3 da 97, 11 da 89, 17 da 83, 29 da 71, 41 da 59, 47 da 53. Suna wannan aikin suna duba jerin firam ɗinsu sau da yawa, sai ka tarar sun haddace shi ba tare da an sa su ba.

Gwajin ƙarshen mako gajere ne. Lambobi takwas nake rubutawa, 1, 2, 9, 15, 29, 51, 91, 97, kuma ba na karɓar amsar "firam" ko "haɗaɗɗiya" ita kaɗai. Idan yaro ya ce haɗaɗɗiya, ya rubuta sau ɗaya da ke nuna haka. Idan ya ce firam, ya rubuta lambobin da ya gwada suka ƙi. Wajen duba takardun, ina kallon inda aka faɗi fiye da yawan maki. Wanda ya faɗi a 1, mu sake ƙirga fakto. Wanda ya faɗi a 51, dabarar 3 ce ba ta zauna ba. Wanda ya faɗi a 91, ya tsaya a 5 bai kai 7 ba, wannan gyaran minti biyu ne. Waɗanda suka faɗi a 2 da 9 da 15 su ne har yanzu suke ɗaukar firam a matsayin mara, kuma su nake tarawa lokacin tara, biyar-biyar, mu sake jera 9 da 15 da 21 da 25 da hannu, kowanne yaro da nasa murafen, kafin in buɗe darasin fakton tarayya mafi girma a mako na gaba.